Ƙwaya Ɗaya a Gorar Baffa

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma kowa zai koma. Baffa, yayan mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina 'yar yaye, ya riga mu gidan gaskiya wata Talata da hantsi, bayan ya shanye kununsa ya kuma yi wa mai kunun tsiya wai tsamiya ta yi yawa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Ni dai ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Muna cikin gida muna jiyo maza a ƙofar gida: a yi gaisuwa, a shafa fatiha, a yi tsit. Can sai wani ya ce, "Kun tuna ranar da Hedimasta..." Shi ke nan, sai dariya ta ƙwace musu, suna yi suna istigfari. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Malumfashi, daga Danja, daga Mahuta, wasu da furfura fal a gemu, kowa da labarinsa a baki. Liman, abokin gardamarsa tun suna samari, an ce yana tsakiyar addu'a sai ya tsaya, ya ce, "Yanzu kuma da wa zan yi musu?" Wata Bayarabiya mai kantin yadi a Funtuwa, haifaffiyar can wadda Hausa ta fi zama a bakinta fiye da nawa, ta shigo da kwandon lemo a ka, ta faɗi tana kuka, ta tashi tana dariya, tana cewa ita ce kaɗai ta taɓa kayar da Malam a aji.

Mutum ɗaya ce dariyar nan ba ta taɓa ba, Inna, matarsa. Ta shiga takaba ta ƙi ci ta ƙi sha. Ana gobe sadakar uku na kai mata kunu, ta ture kwanon, ta kamo hannuna ta jawo ni kusa.

"Akwai abin da na ɗaukar masa," in ji ta. "Ban faɗa masa ba. Kullum sai in ce gobe. Ga shi ya tafi ban nemi gafararsa ba. Da wane ido zan dube shi ranar gobe ƙiyama?"

Na san abin da take nufi, na kuma san amsa. Amma wanda bai san Baffa ba ba zai gane amsar ba, don haka bari in fara da shi.

Malamin lissafi ne a firamare har ya zama hedimasta, ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa ya kama noma, a shekarun da masara ta fara korar dawa daga gonakinmu. Sai dai ritayar a takarda ta tsaya. Baffa ba ya iya ganin abu bai ƙirga ba. In ya shiga gona ya ƙirga kunya, in ya zauna a zaure ya ƙirga azara. In ka gaishe shi ka ce, "Yaya iyali?" sai ya ce, "Goma sha bakwai, kuma ba sa rabuwa." Ka tsaya kana zare ido, shi kuwa ya wuce yana ƙyaƙyata dariya.

Wannan maganar rabuwa ita ce cutarsa. Akwai lambobin da in ka ce za ka raba su daidai tsakanin mutane, ko mutum nawa ka kira, sai an sami ragowa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kuwa a tara mutane yawan lambar kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Bakwai haka take, goma sha ɗaya haka, goma sha uku haka. Baffa yana kiransu gagara-rabo, yana kuma sonsu kamar shi ya haife su. Liman kuwa shi ke rabon gado a ƙauyen, saboda haka wannan magana ƙaiƙayi take masa.

"Babu abin da ba ya rabuwa," in ji Liman. "Ko allura ce in aka kawo min zan fitar wa kowa da haƙƙinsa."

"Allah gafarta Malam, allura sai ka sayar ka raba. Ni iri nake magana. Fasa ƙwayar masara biyu ka ba magada su shuka, mu ga abin da za su girba."

A cikin gagara-rabon nan yana da 'yar lele, dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Yana faɗinta yana lumshe ido. Kuma tun da a wurinsa gani ya kori ji, bai yarda ta zauna a allo kawai ba. Duk shekara in an gama sussukar masara sai ya sa a share gindin darbejiyar ƙofar gida, a jera ƙore goma sha uku, a tara yaran unguwa. Ƙwarya ta fari a sa ƙwaya ɗaya, ta biyu biyu, ta uku huɗu, ta huɗu takwas, kowace ƙwarya ninkin wadda ta gabace ta, har ta ƙarshe ta ɗauki dubu huɗu da casa'in da shida. In aka juye su duka wuri ɗaya, lambar tasa ce cif. Duk hayaniyar nan masarar ba ta fi tiya guda ba, amma yini ake yi, Inna tana aiko da dafaffiyar gyaɗa tana mita wai an kwashe mata ƙore an bar ta da tukunya. Da la'asar ya ɗura masarar a wata doguwar gora ya toshe.

Na taɓa tambayarsa yadda aka yi ya tabbata ba ta rabuwa, ko ya gwada lambobi dubu takwas ɗaya bayan ɗaya.

"Haba Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsu aka sa min. "Wahala ba ibada ba ce. Casa'in sau casa'in nawa?"

"Dubu takwas da ɗari."

"Casa'in da ɗaya sau casa'in da ɗaya fa? Ya zarce ta. To in akwai lambobi biyu da za su haɗu su haife ta, dole ɗaya ta zauna ƙasa da casa'in da ɗaya. Ƙananan kawai za ki bi, a cikinsu ma gagara-rabo kaɗai, daga biyu zuwa tamanin da tara. In duk sun kasa, rufe littafi ki je ki ci tuwo."

Na bi su da fensir a bayan wani kwalin sukari, kowace ta bar ragowa. Ranar na fara son lissafi, yau ga shi da shi nake ci.

Labarin Bayarabiyar nan ma daga ƙoren ya samo asali. Lokacin Baffa yana koyarwa a Funtuwa, ya lura ƙwarya biyu suna ba da uku, uku suna ba da bakwai, biyar suna ba da talatin da ɗaya, bakwai suna ba da ɗari da ashirin da bakwai, duk gagara-rabo. Sai ya bugi ƙirji a gaban aji ya ce ƙwarya goma sha ɗaya ma haka ne, dubu biyu da arba'in da bakwai ba ta rabuwa. Kashegari yarinyar nan ta zo ta ce ita ta raba ta gida ashirin da uku, kowane gida tamanin da tara. Wani malamin da bulala zai nema. Baffa ya duba, ya sake dubawa, ya cire hularsa ya ɗora mata a ka, ya zauna a bencinta, ya ce yau ita ce malama. Ta ce har ta bar makarantar in ya gamu da ita sai ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Ashirin da Uku." Shi ya sa da ya zo kan ƙwarya goma sha uku bai yarda da kowa ba sai da ya bi ta da kansa.

Yanzu sai keke. Baffa yana da wani baƙin keke da ya girme ni, yana goge shi kullum da tsumma kafin ya wanke fuskarsa. A kansa yake zuwa Malumfashi, a kansa yake zuwa Funtuwa ranar kasuwa. Saboda tsabar yarda da gorarsa ya yi shela cewa duk wanda ya raba masarar nan daidai ba ragowa, keke ya zama nasa. Liman ya ce wannan caca ce. Baffa ya ce caca sai kowa ya zuba nasa, wannan kyauta ce ga mai rabo, kuma mai rabon ba a haife shi ba.

Haka abin ya zama al'ada. Juma'ar da ta biyo bayan ƙirga, in an sauko masallaci, Liman zai zo da jama'a a bayansa, a shimfiɗa faya-fayai, yara su yi ta rabo goma-goma sannan ɗai-ɗai. Mu mata muna leƙe ta bayan zana. Ya gwada biyu, ƙwaya ɗaya ta rage. Wata shekara ya gwada uku, ɗaya ta rage. Biyar, bakwai, tara, goma, duk ɗaya. Daga baya ya tsaya a kan shida, wai da ita ya saba a gado. Kowace shekara sai faifai shida su cika daidai, a girgiza gora, ƙwaya ɗaya tal ta faɗo kan tabarma. Baffa ya ɗauke ta da yatsa biyu ya ɗaga sama, ya ce, "Ga 'yar gardama!" Yara su kwashe da sowa, Liman ya kaɗe rigarsa ya ce wannan ƙwayar da aljani a cikinta, baɗi ma rana ce.

Ana nan tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe wa Baffa gani. Hanyar Funtuwa kuwa in kaka ta yi, manyan motocin auduga ne ke tsere zuwa gidan gurza, ba ruwansu da mai keke. Sau ɗaya ya shiga garken awaki. Sau ɗaya wata mota ta matse shi ya faɗa kwalbati, aka kawo shi gida a amalanke da goshi a fashe, yana tambaya ko keken ya ji ciwo. 'Ya'yansa suka yi magana, ya ce shi ya haife su ko su suka haife shi? Inna ta yi kuka, ta yi fushi, ta ɓoye famfo, ya aro na maƙwabta.

"Malam, so kake a kawo min kai a tabarma?"

"Keken nan ya san hanya ko ni ban gani ba. Ke dai ki ji da murhunki."

Wallahi a lokacin ni ma haushinsa nake ji. Mutum mai hankali irin Baffa, amma a kan ƙarfe biyu da sarƙa ya zama jaki! Duk ranar kasuwa Inna ba ta zama, tana tsakar gida tana kai da kawo har sai ta ji ƙararrawarsa a ƙofa.

A kakar shekarar aka yi ƙirga kamar kullum, aka ɗura, aka toshe. Juma'a Liman ya zo da faifansa shida, ba don yana sa rai ba, don dai kar a ce ya gudu. Yara suka yi rabo. Aka zo zagayen ƙarshe, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Yaron da ke riƙe da gora ya girgiza, shiru. Ya kifa ta, shiru.

Baffa ya karɓi gorar ya kafa ido a bakinta. Ya ɗaga tabarma, ya sa kowa ya tashi ya kaɗe riga. Aka sake ƙirga faya-fayan, kowanne dubu da ɗari uku da sittin da biyar, babu wanda ya fi wani. Liman ya miƙe tsaye, rawaninsa na warwarewa bai ma sani ba, yana ta kabbara. Ƙauye ya ɗauka. Ni na waiga in ga Inna, sai na tarar ta koma bakin murhu tana hura wutar da take ci sarai.

Baffa ya ajiye gorar. Sannan ya shiga zaure, ya goge keken tas, ya ba tayoyin iska, ya turo shi gaban Liman.

"Haba Hedimasta, ai wasa ne," in ji Liman. "Ni da ban iya hawa ba, me zan yi da shi?"

"Alkawari kaya ne, Allah gafarta Malam. Na sauke nawa, kai ka san yadda za ka yi da naka."

Jikokin Liman suka gaji keken, kuma 'yan banzan yaran ba su da hanya sai ta ƙofar gidanmu, suna kaɗa ƙararrawa. Baffa ya zuba toka a gorar saboda ƙwari, ya toshe, ya rataye a ɗakinsa. Bai ƙara yin shelar rabo ba, ya ce an cinye shi, wasa ya tashi. Wannan ne ya tsaya wa Inna a rai. Gani take ta raba shi da kekensa, ta kunyata shi a gaban jama'a, ta kuma sa ya yi zaton lambar da ya fi so ta ci amanarsa.

Bayan kamar mako biyu na raka shi bakin titi zai hau mota zuwa Malumfashi, yana dogara sanda, ni ina riƙe da jakarsa. Na ga tausayinsa, na ce wataƙila yara ne suka yi kuskuren ƙirga. Sai ya tsaya ya dube ni da idon nan nasa mai yana.

"Uwata, ruwa ba ya tsami banza. Na koma ɗaki na gwada abin da ke gorar. Ta rabu biyu, ta rabu tara, ta rabu goma, ta rabu goma sha uku. Wannan alamar ƙwaya ɗaya ce tak ta fita. Kaza in ta sami gora ba ɗaya take ci ba. Yaro in zai ɗiba, da hannu yake dumbuza. Ƙwaya ɗaya aikin mai hankali ne, wanda ya daɗe yana kallo ta bayan zana."

Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe shi kar ya faɗi.

"Duk shekarun nan ina neman ɗalibi a aji, ashe tana gidana tana dama min kunu!"

"To Baffa, me ya hana ka yi magana?"

"In na ce na sani, dole in yi faɗa, don a san da mai gida. In na yi faɗa, dole in karɓo keke. Ni kuwa, tsakanina da ke, tun ranar kwalbatin nan in na ji hon ɗin mota sai in sauka gefen hanya in tsaya. Tsoron keken nan nake, kunya ce ta hana ni sauka. Ta sauke ni ba wanda ya ce tsoho ya gaza. Wa zai yi min wannan in ba ita ba?"

Ya ce in riƙe bakina, in bar ta ta ci nasararta. Ya ce rumbu cike yake da masara, ƙwaya ɗaya ba za ta gagare shi ba, amma ba zai cika gorar ba, wadda ta ɗauka ita za ta mayar. In kuma ya riga ta, ta damu, in gaya mata ya yafe tun kafin Liman ya kama ƙahon keken. Ya yi shekaru masu kyau bayan nan, yana hawa mota yana ƙirga fasinja, yana gaya wa kwandasta ko suna rabuwa ko ba sa rabuwa.

Wannan shi ne abin da na zauna na gaya wa Inna a ɗakin takaba, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta girgiza kai.

"Lallashina kike. Malam ne zai ji tsoron keke?"

"To bari a kawo shaida."

Ranar sadakar uku, da baƙi suka ragu, na sauko da gorar daga inda take rataye. Na tara jikoki a tsakar gida, na karɓo faifai shida, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta inda za ta gani. Muka kaɗe toka, yara suka yi rabo yadda aka saba, goma-goma sannan ɗai-ɗai. Faifai na shida ya karɓi ta ƙarshe. Na kifa gorar na bubbuga gindinta, ba abin da ya faɗo.

"Kin gani, Inna? Shekara nawa yana kwana da ita a ɗaki, ga rumbu a bayan ɗakin. Ke yake jira."

Ta daɗe tana kallon faya-fayan. Sannan ta jawo adudunta, ta tono wani tsohon zane daga can ƙasa. A bakinsa akwai ƙulli da ya ƙanƙame, sai da ta sa haƙori. Ƙwayar masara ce, ta motse ta yi ja. Ta riƙe ta da yatsa biyu, ta ɗaga sama.

"Ga 'yar gardama," in ji ta.

Jikoki suka kwashe da sowa kamar yadda iyayensu suke yi a gindin darbejiya. Inna tana dariya hawaye na zuba, tana share su da bakin zanen. Maza a waje suka aiko a ji lafiya, da aka gaya wa Liman sai muka jiyo salatinsa har cikin gida, yana cewa ashe keken haram ya ci, a zo a ɗauka.

"Ashe tsoro yake ji!" in ji Inna. "Shi ne ya bar ni da ƙulli shekara da shekaru, yana kallona yana shan kununa?"

Muka mayar da masarar gora. Ita ta saka ta ƙarshe da hannunta, ta toshe, ta rungume gorar a cinya.

"Allah ya gafarta maka, Malam," in ji ta. "Ni ma na yafe."

Sannan ta dube ni ta ce ina kunun nan da na kawo mata jiya, ko na ba wa yara?